Fyaɗe a sansanin gudun hijira: Wa ke sauraron wadda ba ta iya magana?

Duk tsarin da aka gina domin taimakon wadda aka yi wa fyaɗe a sansanin 'yan gudun hijira yana farawa ne da tambaya guda: me ya faru? Ma'aikaciyar jinya za ta yi wannan tambaya, jami'ar kula da walwala za ta maimaita ta, ɗan sanda zai rubuta amsar a takarda, in kuma magana ta kai kotu, alƙali zai so ya ji ta daga bakin mai ita. Lokaci kuma ba ya jira. Maganin da ke kare mutum daga kamuwa da cutar ƙanjamau bayan fyaɗe sai an fara shan sa cikin sa'o'i 72, na hana ɗaukar ciki na gaggawa kuma cikin sa'o'i 120. Shaidar da likita zai iya gani a jiki tana dusashewa da kowace rana da ta wuce.

To, yarinyar da sanƙarau ya kurmantar tun tana goye, ba ta taɓa shiga aji ba, babu wanda ke fahimtar alamunta sai mahaifiyarta, yaya za ta amsa? Haka matar da shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke wa kalmomi, tana ji, tana ganewa, ta san wanda ya shigo mata tanti, amma harshenta ba zai furta sunansa ba. Irin waɗannan mutane suna cikin kowane sansani, daga Mahama a Ruwanda zuwa Minawao a Kamaru, kuma su ne mafi wuyar samu a cikin alƙaluman da hukumomin agaji ke fitarwa.

Su wane ne ake nufi?

Da an ce mutum ba ya magana, abin da ke zuwa wa Bahaushe a rai shi ne kurma ko bebe. Lamarin ya fi haka faɗi. Masana suna amfani da kalmar nakasar sadarwa ga duk wanda ke shan wahala wajen fahimtar abin da aka faɗa masa, ko wajen isar da abin da ke ransa, ko duka biyun. A ciki akwai wanda aka haifa da kurumta da wanda ta same shi daga baya, akwai mai i'ina mai tsanani, da mai galahanga, da wanda ƙwaƙwalwarsa ta samu rauni lokacin haihuwa har jijiyoyin bakinsa ba sa yi masa biyayya, da mai jinkirin fahimta, da wanda aka haifa da tsagaggen leɓe ko ganda ba a yi masa aiki ba. Wasu suna da hankali cikakke, magana ce kawai ta gagara. Wasu suna magana tiryan-tiryan, amma ba sa kama ma'anar doguwar tambaya. Haɗa su duka a kwando ɗaya, kamar yadda aka saba, shi ne kuskuren farko.

Yaƙi kuma yana ƙara yawansu. Ƙarar fashewar bam tana fasa dodon kunne. Raunin harsashi ko duka a kai yana taɓa sashen ƙwaƙwalwar da ke sarrafa magana. Inda rigakafi ya tsaya saboda asibitoci sun rufe, ƙyanda da sanƙarau suna dawowa, zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai yana barin tabo a ƙwaƙwalwar yaro, haihuwa a daji ba ungozoma ƙwararriya tana barin jarirai da lahanin da ba zai bayyana ba sai lokacin da ya kamata su fara magana. Akwai kuma waɗanda abin da idonsu ya gani ya rufe musu baki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.3, wato kashi 16 cikin 100 na al'ummar duniya, suna rayuwa da nakasa mai tasiri. Wani nazari da mujallar likitanci ta The Lancet ta buga a 2012, wanda hukumar ta ɗauki nauyi, ya nuna cewa yara masu nakasa sun fi sauran yara fuskantar cin zarafi ta hanyar lalata da kusan ninki uku, masu lalurar ƙwaƙwalwa ko jinkirin fahimta kuma da ninki 4.6. Abin lura shi ne binciken da aka tattara domin wannan nazari daga ƙasashe masu arziki aka yi su, inda akwai 'yan sanda, da makarantu na musamman, da lambar waya ta kai ƙara. Ba a tanti aka auna ba.

Abin da aka gano a Ruwanda

Ruwanda tana ɗauke da 'yan gudun hijira sama da dubu 120, mafi yawansu daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango da Burundi. Sansanin Kiziba yana nan tun 1996, har an haifi waɗanda suka haifi wasu a cikinsa. Na Mahama, wanda ya fi kowanne girma, an buɗe shi a 2015 kusa da iyakar Tanzaniya, lokacin da rikicin tazarcen Shugaba Pierre Nkurunziza ya kori dubun-dubatar mutane daga Burundi.

A wannan ƙasa ce ofishin Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNHCR, ya haɗa kai da Jami'ar Manchester Metropolitan ta Ingila da wata cibiya mai suna Communicability Global, domin duba halin da masu nakasar sadarwa ke ciki dangane da cin zarafin jinsi. Masu binciken, ciki har da Julie Marshall da Helen Barrett, waɗanda dukkansu masana gyaran magana ne, sun wallafa sakamakon farko a mujallar Forced Migration Review a 2017. Aikin ƙarami ne, kuma su da kansu ba su yi iƙirarin cewa ya ƙidaya kowa ba. Darajarsa ita ce ya zama cikin na farko da suka ware wannan rukuni suka dube shi shi kaɗai.

Abin da suka tarar ba ya buƙatar dogon sharhi. Tun daga teburin rajista ake ɓatar da su, domin tsarin da ake rubuta bayanan ɗan gudun hijira ba ya kama nakasar sadarwa yadda ya kamata, ita kuma ba a ganin ta da ido kamar gurguntaka. Ba sa samun ilimin lafiyar jiki da na kare kai da ake ba sauran matasa. Ma'aikatan da ke karɓar ƙorafi suna da niyyar taimako, amma ba su da horo, ba su da kayan aiki. Sannan akwai abin da ya fi tayar da hankali: masu aikata laifin suna zaɓen su ne da gangan, saboda sun san magana ba za ta fita ba, in ma ta fita ba za a yarda ba.

Wannan batu na ƙarshe ya cancanci a tsaya a kansa, domin yana sauya yadda ake kallon matsalar gaba ɗaya. An saba cewa nakasa ce ke jefa mutum cikin haɗari, kamar dai ƙaddara ce da babu mai hannu a ciki. Amma mai fyaɗe lissafi yake yi. Yana auna wadda za ta iya yin ihu, da wadda za ta iya kiran sunansa a gaban mai unguwa, da wadda za a saurara. Idan ya san asibitin sansani ba shi da mai fahimtar maganar hannu, ofishin 'yan sanda kuma zai ce ba za a iya ɗaukar jawabi ba, to tsarin ne ya ba shi tabbacin kuɓuta. Ƙungiyar Women's Refugee Commission da ta International Rescue Committee sun ci karo da makamancin wannan a wani aiki da suka kammala a 2015 a Burundi da Habasha da Jodan da yankin Kokasus na Rasha, inda suka nuna cewa mata masu lalurar fahimta suna cikin waɗanda aka fi hara, kuma aka fi ƙaryatawa.

Yadda rayuwar sansani ke buɗe ƙofa

A ƙauye, mai irin wannan lalura tana da katangar da ba a rubuta ba. Kowa ya san ta, ya san gidansu. Maƙwabciya ta san cewa in ta taɓa kunne ta nuna gabas, ƙaninta take nufi. Akwai kaka, akwai goggo, akwai ƙawayen da suka taso tare suka ƙirƙiro alamunsu. Ranar da aka watse, wannan katanga ce ke fara rushewa. Wani ya mutu a hanya, wani ya faɗa wani gari, ita kuma ta tsinci kanta cikin dubban baƙin fuskoki da ba wanda ya san me motsin hannunta ke nufi. Mutum ɗaya da ke fahimtar ta, in ya rage, shi ne kuma zai tafi layin karɓar abinci tun asuba, ya bar ta ita kaɗai a tantin da ba shi da ƙyaure.

Sauran abubuwan sanannu ne ga duk wanda ya taɓa shiga sansani: banɗaki mai nisa kuma ba fitila, daji da ake shiga neman itacen girki, katin abinci da ke hannun wani namiji mai iko. Waɗannan haɗurra ne ga kowace mace. Bambancin shi ne ana gargaɗin sauran mata da lasifika, ko ta rediyo, ko a taron wayar da kai da ake yi da baki, ko a allon sanarwa da aka rubuta da boko. Kurma ba ta ji lasifikar ba, kuma da yake ba a sa ta a makaranta ba, allon ma bai yi mata amfani ba. Lambar wayar gaggawa da ƙungiyoyi ke alfahari da ita kuwa, ga wadda ba ta magana, ado ce kawai a bango.

Akwai kuma abin da iyaye ke yi da sunan kariya. Wasu suna kulle 'yarsu a ɗaki yini guda. Wasu ba sa koya mata komai game da jikinta, ko dai don kunya, ko don suna ganin ba za ta gane ba, ko don an ɗauka cewa mai nakasa ba ta cikin lissafin aure da sha'awa. Sakamakon shi ne yarinya ta balaga ba ta da kalma ko alama ta sassan jikinta, ba ta san wane taɓi ne ya halatta wane ne bai halatta ba. Sau da yawa ba a sanin abin da ya faru sai ciki ya fito, lokacin da sa'o'i 72 suka zama watanni huɗu. Daga nan sai maganar rufin asiri ta shigo, dattawa su zauna, a yi sulhu, wani lokaci ma a aurar da ita ga wanda ya cuce ta, ba tare da an tambaye ta ba, tunda dai an riga an yanke cewa ba ta da bakin amsawa.

Inda ƙorafi ke mutuwa

A ɗauka ta yi sa'a an kai ta asibiti a kan lokaci. Ƙa'idar aikin kula da waɗanda aka ci zarafinsu ta tsaya a kan sirri, da girmama zaɓin mai ƙorafi, da neman yardarta kafin a duba jikinta ko a kai maganar gaba. Duk waɗannan sun dogara ne da a iya tattaunawa da ita kai tsaye. Idan babu hanya, sai ma'aikaciya ta juya ga wanda ya rako ta, ta ce ya fassara. Nan matsalar take. Bincike a faɗin duniya ya daɗe da tabbatar da cewa mafi yawan masu cin zarafin mata sanannu ne gare su, ba baƙi ba. Wanda ke fassarar zai iya zama shi ne mai laifin, ko matarsa, ko uwar da ke tsoron a kore su daga tantin da mai laifin ya ba su. Ko da mai gaskiya ne, kunya za ta sa ya tace abin da zai faɗa. Ɗa ba zai maimaita wa baƙuwa abin da mahaifiyarsa ta nuna masa da hannu ba.

A ofishin 'yan sanda, jawabi rubutacce ne ginshiƙin fayil, kuma jami'in da bai san yadda zai ɗauke shi ba zai fi samun sauƙin cewa a koma gida a sasanta. A kotu kuwa, lauyan wanda ake tuhuma aikinsa ne ya girgiza shaida, kuma babu shaidar da ta fi sauƙin girgizawa kamar wadda ke amsa "e" ga duk tambayar da ba ta gane ba domin a ƙyale ta.

Ba wai doka ta yi shiru ba ne. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Masu Nakasa, wadda aka amince da ita a 2006, ta yi tanadi a sashe na 11 kan kare su lokacin yaƙi da bala'i, a sashe na 13 kan samun shari'a daidai da kowa, a sashe na 16 kuma kan kare su daga cin zarafi. Ruwanda ta shiga yarjejeniyar a 2008, Najeriya ta tabbatar da ita a 2010. A watan Yunin 2019 Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri mai lamba 2475, na farko da ya keɓe ga masu nakasa a fagen rikici, kuma a shekarar ce manyan hukumomin agaji suka fitar da ƙa'idojinsu na shigar da masu nakasa cikin ayyukan jin ƙai. Takardu dai ba a rasa ba.

Daga Mahama zuwa Maiduguri

Hausa tana kiran wanda ya tsallaka iyaka da wanda ya tsere daga Bama zuwa Maiduguri da suna ɗaya, ɗan gudun hijira, alhali a doka matsayinsu daban ne. Na farko yana ƙarƙashin yarjejeniyar 1951 da kulawar UNHCR, na biyu kuwa nauyinsa na wuyan gwamnatin ƙasarsa, kamar yadda Yarjejeniyar Kampala ta 2009 ta tanada. Yankin Tafkin Chadi yana da duka biyun. Rikicin Boko Haram ya raba mutane sama da miliyan biyu da gidajensu a arewa maso gabashin Najeriya, dubun-dubata suna sansanin Minawao da aka buɗe a 2013 a arewacin Kamaru, wasu suna jihar Diffa ta Nijar da kewayen Baga Sola a Chadi. Daga 2019 kuma hare-haren 'yan bindiga sun tura mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa jihar Maraɗi.

Cin zarafin mata a waɗannan wurare ba jita-jita ba ne. A watan Oktoban 2016 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto kan mata da 'yan mata 43 da aka yi wa fyaɗe ko aka yaudare su da abinci da alkawarin aure a sansanoni bakwai na Maiduguri, inda ta ambaci shugabannin sansani da 'yan sintiri da 'yan sanda da sojoji. Shugaba Muhammadu Buhari ya ba da umarnin bincike. A 2018 Amnesty International ta fitar da nata rahoton kan sansanonin da ke garuruwan da aka ƙwato, irin su Bama, wanda rundunar soji ta musanta. Waɗannan rahotanni sun girgiza ƙasa, kuma sun cancanci yabo. Sai dai a kan hira aka gina su. Matan da suka shiga ciki su ne waɗanda suka iya zama gaban mai bincike suka ba da labari. Hanyar binciken kanta, ta ɗan jarida ce ko ta mai kare haƙƙi, tana tace wadda ba ta magana ta zubar, ba tare da kowa ya yi nufin haka ba.

Ko masu lafiyar baki ma harshe yana ba su wahala a can. Ƙungiyar Translators without Borders ta nuna cewa ana gudanar da mafi yawan aikin agaji a arewa maso gabas da Hausa da ɗan Barbarci, alhali ɗimbin waɗanda aka raba da gidajensu harshen uwarsu Shuwa ne, ko Margi, ko Fulatanci, ko ɗaya daga harsunan duwatsun Gwoza, kuma mata da tsofaffi ne suka fi kasa fahimta. Idan haka lamarin yake ga mai ji da magana, sai a ƙiyasta na kurma.

A nan ne ake yin wani kuskure da ke kama da mafita. Ƙungiya za ta ɗauko tafintan kurame daga Abuja ko Jos, ta rubuta a rahotonta cewa ta cika sharaɗi. Amma harshen alama ba ɗaya ba ne. Wanda ake koyarwa a makarantun kurame na Najeriya, irin ta Tudun Maliki a Kano, ya samo asali ne daga na Amurka, wanda Andrew Foster, wani kurma baƙar fata ɗan Amurka, ya shigo da shi lokacin da ya kafa makaranta a Ibadan a 1960. A ƙasar Hausa kuma akwai maganar hannu, harshe mai zaman kansa da kurame suka gada kaka da kakanni, wanda masaniyar harshe 'yar Jamus Constanze Schmaling ta yi nazarinsa a Kano ta wallafa littafi a kansa a 2000. Sannan akwai mafi rinjaye a karkara, waɗanda ba su san ko ɗaya ba sai alamun da suka ƙirƙira da 'yan gidansu. Tafintan da ya yi digiri a harshen alama na makaranta zai iya tsayawa gaban yarinya daga wani ƙauyen Marte su yi ta kallon juna. Kuma duk ƙwarewarsa, ba shi da abin da zai yi wa matar da ke ji sarai amma shanyewar jiki ta hana ta furuci.

Ta fuskar doka, Najeriya ba ta cikin na baya. Dokar Shaida ta 2011, a sashe na 176, ta yarda wanda ba ya iya magana ya ba da shaida ta rubutu ko ta alama a bainar kotu, kuma a ɗauke ta a matsayin shaidar baki. Dokar hana cin zarafin jama'a ta 2015 ta faɗaɗa ma'anar fyaɗe, jihar Borno kuma ta amince da tata a farkon 2022. Dokar hana nuna wariya ga masu nakasa, wadda aka sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta wajabta wa asibitocin gwamnati su yi tanadin hanyar sadarwa ta musamman ga marar lafiyar da ke da irin wannan lalura, ta kuma ɗora wa gwamnati kare masu nakasa a lokacin rikici da bala'i. Amma akwai giɓi mai ban mamaki. Kundin tsarin mulki, a sashe na 36, ya ba wanda ake tuhuma haƙƙin tafinta kyauta idan bai fahimci harshen kotu ba. Wannan tanadi na wanda ake zargi ne. Sashe na 176 kuma ya ce a karɓi alama, bai faɗi wanda zai nemo mai fassara ta ba, ko wanda zai biya shi.

Abin da ba ya buƙatar biliyoyi

Matakin farko shi ne a ƙidaya su. Akwai jerin tambayoyi shida da wani kwamitin masana ƙididdiga na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ake kira Rukunin Washington, ya tsara. Ba a tambayar mutum ko shi nakasasshe ne, domin da yawa za su ce a'a saboda gori. Ana tambayar ko yana shan wahala wajen gani, da ji, da tafiya, da tuna abu, da kula da kansa, da kuma fahimtar mutane ko su fahimce shi a harshen da ya saba. Tambaya ta shida ce ke kamo waɗanda ake magana a kansu, kuma ƙara ta a takardar rajista ba ya cin ko minti biyu. Wanda ba ya cikin rajista ba ya shiga kasafi.

Na biyu shi ne kayan aiki masu arha. Cibiyar nazarin hanyoyin sadarwa na madadin magana da ke Jami'ar Pretoria a Afirka ta Kudu ta daɗe tana aiki kan allunan hotuna da mutum zai nuna da yatsa ya bayyana abin da aka yi masa, da wurin, da lokacin. Hoton jikin mutum a takarda, 'yar tsana, katin "e" da "a'a" da na "ban gane ba", duk suna iya buɗe bakin da aka ɗauka a rufe yake. Sharaɗin shi ne hotunan su yi kama da rayuwar mai nunawa, tanti da rijiya da zane da hula, kuma a koya mata amfani da su tun kafin wani abu ya faru. Akwai kuma haɗarin da bai kamata a raina ba: ma'aikacin da ba shi da horo zai iya jan hannun mai ƙorafi zuwa amsar da shi yake zato, wanda hakan zalunci ne ga wanda ake zargi, kuma hanya ce ta rushe shari'ar a kotu. Horon ya fi allon muhimmanci. Tambaya gajera, ɗaya bayan ɗaya, a fuskanci mai ƙorafi ba ɗan rakiyarta ba, a ba ta lokaci ko da zama uku za a yi, a kuma samu damar ganawa da ita ba tare da ɗan gidansu a ɗakin ba.

A ɓangaren kotu akwai misalan da za a duba. Ingila da Wales, bisa wata doka ta 1999, suna da ƙwararrun masu shiga tsakani da ke tantance yadda shaida ke sadarwa, su shawarci 'yan sanda da alƙali kan yadda za a yi masa tambaya, kuma da yawansu masana gyaran magana ne. Ba sai an je Turai ba ma: kundin tsarin mulkin Kenya na 2010 ya ba kotu ikon barin mai shiga tsakani ya taimaki mai ƙara ko wanda ake ƙara wajen sadarwa da kotu, dokar laifukan lalata ta ƙasar ta 2006 kuma ta riga ta yi irin wannan tanadi ga shaidu masu rauni.

Masana gyaran magana ƙalilan ne a Najeriya, kuma mafi yawansu suna manyan birane, don haka jiran su ya zama jiran gawon shanu. Waɗanda ke kusa su ne kuramen kansu. Kurma da ya taso cikin maganar hannu kuma ya yi makaranta yakan fahimci alamun ɗan ƙauye fiye da kowane mai ji, shi ya sa a ƙasashe da dama ake haɗa tafinta kurma da tafinta mai ji su yi aiki tare. Ƙasar Hausa ma tana da tsohon tsari na shugabancin masu lalura, da Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Bebaye, ga kuma ƙungiyar kurame ta ƙasa da rassanta na jihohi. Sai dai sarautun nan na maza ne, kuma macen da aka yi wa fyaɗe ba za ta buɗe cikinta a fada ba. Abin da ake buƙata mata ne kurame da aka horar, aka ɗauka aiki da albashi, a cibiyoyin karɓar waɗanda aka ci zarafinsu irin su Waraka a Kano da Salama a Kaduna da takwarorinsu na arewa maso gabas.

Duk wannan yana zuwa ne a lokacin da ƙasa ke zamewa a ƙarƙashin aikin agajin kansa. Tun daga 2021 gwamnatin Borno ta fara rufe sansanonin cikin Maiduguri, ciki har da na Bakassi, tana mai cewa zaman sansani ba rayuwa ba ce kuma dole mutane su koma su dogara da kansu. Human Rights Watch ta ce zuwa watan Agustan 2022 an fitar da mutane sama da dubu 140 daga sansanoni takwas. Wasu sun koma ƙananan hukumominsu, wasu sun watsu cikin unguwanni da matsugunan da ba na hukuma ba, inda babu teburin karɓar ƙorafi ko na jeka-na-yi-ka. A watan Janairun 2025 kuma gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take bayarwa a ƙetare, daga baya ta rushe hukumar USAID, wadda ke cikin manyan masu ɗaukar nauyin aikin jin ƙai a yankin. Idan kuɗi ya ragu, abinci da magani ake fara karewa, kuma babu mai ganin laifin hakan. Abin da ake yankewa shi ne wanda aka rubuta a kasafi da sunan ƙari: horon ma'aikata, da kuɗin tafinta, da ziyarar gida-gida da ita kaɗai ce ke kai ma'aikaciya ƙofar tantin da aka kulle yarinya a ciki.